Alamar Saitin Kyaftin Mai Gyaran Fanka

Ranar da na fara ganinsa, fankar shagonmu ya zo gyarawa. Shagon na Gwaggo ne, fotokwafi muke yi da buga takardu, ni ce mai zama a bayan kanta. Karatuna na makaranta bai yi nisa ba. A shagon nan na ƙarasa koya wa kaina, daga takardun da mutane suke kawowa da littattafan da suke mantawa. A ranar ma wani littafin soyayya nake karantawa wanda ɗinkinsa ya kwance, na jera shafukansa a kan kanta.

Ya shigo da jakar kayan aiki a kafaɗa da baƙin tabarau a goshi. Ya ɗaga kai ya dubi fankar sama, ya girgiza kai kamar ya tarar da mara lafiyar da aka makara kawowa.

"Hajiya, wa ya taɓa ta kafin ni?"

Gwaggo ta ce, "Ba kowa. Tsayawa kawai ta yi."

"Ba tsayawa ta yi ba, raini ne ya ishe ta. Farfela irin ta jirgin sama, kun mayar da ita mafici."

Ya hau kujera, ya kwance wannan ya ɗaure wancan, ya sauko ya ce in kunna. Na kunna. Kafin in ɗauke hannu takardun mutane sun tashi sama kamar tattabaru, ɗankwalin Gwaggo ya bi su, littafina ya fice ta ƙofa shafi-shafi. Shi kuwa ya bi shi da gudu har tsakiyar titi, yana tare motoci da hannu ɗaya yana tsinta da ɗaya. Da ya dawo, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ya miƙo min shafukan da hannu biyu. Muryar da ya shigo da ita ta ɓace, ya ce a hankali, "Ki yi haƙuri, Malama. Na leƙa na ƙarshen. Sun yi aure, kada ki damu."

Tun daga wannan rana zuciyata ta daina jin maganata.

A layinmu Kyaftin ake ce masa. Bai taɓa shiga jirgi ba, filin jirgin ma ta kan katanga ya taɓa leƙa shi. Amma in ya zauna a bakin rumfarsa, tsakanin matattun fankoki, ya fara bayanin sararin samaniya, sai ka rantse jiya ya sauko. A wurinsa farfela farfela ce, wanda ya iya ta ɗaki ya iya ta jirgi. Ni kuwa ina bayan kanta ina sauraronsa ta taga, ban taɓa ce masa komai ba bayan gaisuwa.

Jikin shagonmu akwai shagon wasan kwamfuta na wani mutum mara son magana da ake kira Dogo. Wasan da ya haukata samarin layin shi ne na tuƙa jirgin yaƙi. Mutum zai zauna gaban allo ya kama sandar tuƙi, ya ga sama da ƙasa kamar yana cikin jirgin. A tsakiyar allon akwai alamar saiti, ɗan zobe mai ɗigo a ciki, da ita ake auna jirgin abokin gaba kafin a harba. Yayana ne gwanin layin, kuma ba ya bari a manta.

Wata rana ya faɗo shagonmu yana huci.

"'Yan tsallaken titi sun ƙalubalance mu. Gasa, a shagon Dogo, a gaban kowa."

Gwaggo ta ce, "To sai ku yi mana. Huci na mene ne?"

"Gwaggo, ba za ki gane ba. Su alamar saitinsu da kansu suka zana, siririya kamar zare. Mu kuwa wadda ta zo da wasan muke amfani da ita, kauri kamar tayar mota."

Ai kuwa maganar ta faɗa kunnen Kyaftin. Sai ga shi a bakin ƙofa da sukurdireba a hannu.

"Alamar saiti? Kuna da ni a layin nan kuke kukan alamar saiti? Ni zan zana muku wadda ko makaho ya zauna sai ya kakkaɓo jirgi."

Tela, wanda kekensa yake daura da mu kuma bakinsa ba ya hutu, ya leƙo da allura a leɓe. "Kyaftin, kai da ka gyara min fanka ta koma juyawa baya? Har yau zafi take janyowa daga waje tana zuba min."

"Wannan ita ake kira juyin sauka. Ba kowa ake yi wa ba."

Aka tuntsire da dariya. Dariyar ce ta tunzura shi. Ya hau kan bencin Tela ya ɗaga sukurdireba sama.

"Ku zama shaida! In alamata ta ba ku kunya ranar gasa, zan tattara rumfata in bar layin nan, in koma can wurin kawuna mai sayar da batir. In kuwa ta ci, akwai wata magana da na daɗe ina riƙe da ita, zan faɗa wa wani mutum a layin nan."

Da ya zo kan maganar ƙarshe bai dube ni ba. Ya dubi Tela, ya dubi sama, ya ƙare a kan firintarmu, ya kafa mata ido har kunnuwansa suka yi gumi.

Gwaggo ta matso ta raɗa min, "Auta, firintar nan tawa ta yi farin jini."

Ban yi dariya ba. Kyaftin yana da ƙarya a bakinsa kamar kowane mai cika baki, amma in ya ce a zama shaida, to ya gama. Ya taɓa cewa in rediyon mai aski bai tashi ba zai yi mako ba takalmi. Rediyon bai tashi ba, muka ga Kyaftin yana tsallen kwalta da tsakar rana har makon ya cika. Na san in alamar nan ta faɗi, da gaske tafiya zai yi.

Dogo ya fito ya yi masa bayani a taƙaice, kamar yadda yake yin komai.

"Alamar kaɗai ake so a hoton. Bayanta kada a sa komai. Kamar rubutu a kan gilashi, matuƙi yana hango sama ta ciki."

"Ni za ka koya wa gilashi? Je ka share kujerunka."

Kwamfutar shagonmu ya nema, Gwaggo ta yarda ya riƙa zuwa da rana in mutane sun ragu. Zanen farko ya yi shi a kan farin shafi. Zobe cikin zobe, fukafukan gaggafa a gefe biyu, a ƙasa kuma ya rubuta KYAFTIN da manyan baƙaƙe don kada wani ya sace fasaha. Ya kwafe hoton a filas na kwamfuta ya kai wa Dogo, rabin layi na biye da shi. Ni ma na ce wa Gwaggo zan je karɓo almakashi.

Yaya ya zauna, ya tayar da jirgi. Sai ga wani farin abu mai kusurwa huɗu ya tsaya ƙiƙam a tsakiyar allo, ya rufe titin jirgin gaba ɗaya.

"Wa ya shanya min zanin gado a gaban jirgi?"

"Gajimare ne," in ji Kyaftin. "Ci gaba."

"Ban ma tashi daga ƙasa ba!"

"Hazo ne ke nan."

Tela ya ce, "Hazo mai fukafukai, har da sunan mai shi a ƙasa. Allah mai iko."

Jirgin Yaya ya bar titinsa ya shiga cikin bishiyoyi, ya kama da wuta. Kyaftin ya zare filas ɗinsa ya ce gwaji ne kawai, yana son ya ga ko matuƙin yana da natsuwa, kuma ya gani, ba shi da ita.

Washegari ya zo da sabon tunani. Ya tsaya a tsakiyar shagonmu ya ce, "Malama, me ke bayan alamar saiti in jirgi yana sama?"

Na ce, "Sama."

"Kin fi yayanki ƙwaƙwalwa. To sai mu zana sama."

Ya fita waje ya ɗauki hoton sararin sama da wayarsa, ya dawo ya yi ta gwada shuɗi har ya sami wanda ya yi daidai. Ya shafe bayan hoton da shi, ya cire fukafukan, amma sunan ya ce ba zai taɓu ba.

Wannan karon abin mamaki ya faru. Yaya ya lallaɓa ya tashi, ya miƙe sama, sai shuɗin Kyaftin ya narke cikin shuɗin wasan, zobe kawai ake gani. Shago ya ɗauki tafi. Mai aski ya rungume Kyaftin. Kyaftin ya sauke tabarau daga goshi zuwa ido, ya fara zagaya shagon yana karɓar hannu.

"Tela, ina bakin naka? Allura ta ɗinke shi?"

Bai rufe baki ba jirgin gwaji na abokin gaba ya bayyana daga gefe. Yaya ya karkata ya bi shi, ya kawo shi tsakiya. Jirgin yana shiga cikin shuɗin nan ya ɓace ɓat.

"Ina ya shiga?"

Yaya ya kauce, jirgin ya fito. Ya sake saita shi, ya sake ɓacewa.

"Kyaftin! Duk jirgin da na saita sai ya ɓace!"

"To ba abin da ake so ke nan ba? Ko harsashi ba ka ɓata ba."

Jirgin da ya ɓace ya zagayo ta baya ya yi wa Yaya ruwan wuta. Yaya ya sunkuyar da hancin jirginsa ƙasa don ya tsere, sai ga guntun sama kwance a tsakiyar gonaki. Ya nufi guntun saman da murna, ashe dutse ne a bayansa.

Tela ya ce, "Ga bakina nan, Kyaftin. Ɗinkin ya kwance."

A kwana na gaba Kyaftin ya ce kwamfuta ce take masa zagon ƙasa, don haka zai bi ta bayanta. Tunda Dogo ya ce kamar gilashi, sai a buga alamar a kan farar leda a manna a jikin allo. Ya jira Gwaggo ta tafi salla, ya yanko leda daga wadda ake naɗe sabuwar fanka, ya cusa a firinta. Na ce masa ina jin tsoro. Ya ce tsoro ba ya tuƙa jirgi.

Firintar ta ja ledar, ta yi wani ƙugi, ta yi shiru. Sai wari. Sai hayaƙi siriri ya fara fita ta bayanta. Mai aski ya shigo da bokitin ruwa, da ƙyar na tare shi a ƙofa. Tela yana ihu a kashe wutar layin. Gwaggo ta dawo da carbi a hannu ta tarar da Kyaftin ya tura hannu har gwiwa cikin firintarta yana jawo leda narkakkiya kamar danƙo.

"Me nake gani?"

"Gwaggo, wanke mata ciki nake yi. Ta daɗe ba a yi mata ba."

"Ni ma bari in wanke maka naka."

Ta rarumi tsintsiya. Ya fita da gudu, leda na bin hannunsa kamar jela. Gwaggo ta rantse ba zai sake taka mata shago ba. Na yi kwanaki ina mata shara da goge-goge da ba ta sa ni ba, ina kawo mata ruwan sanyi tun ba ta nema ba, har ta gaji ta ce, "Je ki ce ya dawo. Kwamfuta kaɗai. In ya ko kalli firinta sai na cire masa ido."

Ya dawo a ɗan sanyaye. Gasa ta matso, kuma har ya daina tsayawa hira a bakin rumfa. Ya zauna ya shiga intanet yana duba alamomin da gwanaye suka zana a wasu wurare. Yana dubawa, yana dubawa, sai ya daki tebur.

"Malama! Zo ki ga sirrin da suke ɓoyewa!"

Na leƙa. Kowace alama, ja ce ko koriya, tana zaune ne a kan wata shimfiɗa mai gida-gida, fari da ruwan toka, ƙanana, a jere ras.

"Kin gani? Ba wanda ya bari ba ita. Gidajen nan su ne suke rikita idon kwamfuta, sai haske ya bi ta tsakaninsu ya wuce. Dogo bai sani ba, yayanki bai sani ba. Ni da ke kaɗai."

Ni da ke kaɗai. Ban ji sauran bayanin ba.

Ya fara zana gidajen, ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Ya ce aikin gwanaye ba a yi masa gaggawa. In gida ɗaya ya karkace sai ya goge layin duka ya sake. Ni ya ba wa zaɓen ruwan tokar, na gwada masa wannan na gwada wancan har muka sami wanda ba ya da bambanci da nasu. Waɗannan ranaku su ne mafi daɗi da na yi a shagon nan. Rana tana shigowa ta taga ta kwanta a kafaɗarsa, yana ɗan fito a hankali, harshensa a gefen baki kamar yaro mai koyon rubutu. In ya manta da kansa ba ya cika baki ko kaɗan. Sau da yawa magana takan zo min har leɓe, sai in ce, "Wancan gidan ya fi ɗan'uwansa faɗi."

Da ya gama, har sunansa ya cire, ya ce gwanaye ba sa sa suna. Zobe siriri kore, ɗigo a tsakiya, a kan gida-gida masu kyau kamar an saƙa su. Ya kai wa Dogo. Dogo ya buɗe hoton ya ƙura masa ido, ya gyaɗa kai.

"Yawwa. Haka nasu yake."

Wannan shi ne dogon yabo a bakin Dogo. Yaya ya ce a gwada. Kyaftin ya tare allon da jikinsa.

"Ba gwaji! 'Yan tsallaken titi suna da 'yan leƙen asiri. Jiya na ga ɗayansu yana aski a nan, mutumin da ba shi da gashi."

Yaya ya dage, amma ana cikin gardama aka ɗauke wuta, ba ta dawo ba sai safiyar gasa. Dogo ya ce ya gani da idonsa, ba matsala. Ya zuba alamar a kan duk kwamfutocin ɓangarenmu.

Bayan la'asar layi ya cika. Dogo ya fito da babbar talabijin bakin ƙofa, yana nuna allon Yaya don kowa ya gani. An jera benci, mata sun leƙo ta tagogi, Tela ya rufe shago, abin da ba ya yi ko ranar da ba shi da lafiya. 'Yan tsallaken titi suka iso, shugabarsu wata budurwa mai tabarau da suke kira Shirwa. Aka faɗi doka: da zarar an fara, ba mai taɓa komai a kwamfuta sai an gama.

Sai ga Kyaftin cikin rigar fata a wannan zafi, da hular kwano ta babur a ka. Ya tsaya gaban talabijin ya ɗaga hannu.

"Jama'a, abin da za ku gani yau ku riƙe shi, za ku ba jikokinku labari. Baƙinmu kuma, in kuka ji kuna son kuka, akwai wuri a bayan rumfata."

Shirwa ta gyara tabarau ta ce, "Mun gode, Malam."

Dogo ya ba da alama. Allo ya buɗe.

A tsakiyarsa, daidai inda ya kamata a ga titin jirgi, ga gidajenmu nan, fari da ruwan toka, ba wanda ya ɓata. Sun fito fes. Ba a taɓa ganin abin da ya toshe hanya da tsafta irin haka ba.

Mutane suka zazzaro ido. Tela ne ya fara farfaɗowa.

"Yadina! Wallahi irin yadin da na yi wa mai gidan abinci shimfiɗar tebur ne! Kyaftin, saura faranti da cokali!"

Daga cikin shago Yaya ya kwarma ihu, "Kyaftin! Ba na ganin komai!"

"Ka jira ta yi zafi! Tana ɗumama za ta buɗe!"

"Ta buɗe ina? Sun tashi!"

"To tashi kai ma! Dabara ce, gidajen suna rikita abokin gaba!"

Shirwa ba ta ko juyo ba ta ce, "Mu ba ma ganinsu, Malam. Ku kaɗai kuke gani."

Aka kwashe da dariya har wata mata ta kusa faɗowa daga taga. Yaya ya tayar da jirgi da addu'a. Ya karkata kai yana leƙen gefen gidajen kamar mai leƙen maƙwabta ta kafar ƙofa. Mai aski, wanda shi ma yana cikin 'yan wasanmu, bai ma bar ƙasa ba, ya shige rumfar ajiye jirage ya fito ta bango. Wani namu ya tashi lafiya, ya miƙe, bai sake juyowa ba, har yau ban san inda ya nufa ba.

Kyaftin ya zaro hankici ya hau goge talabijin.

"Ƙura ce! Dogo, ba ka share kayanka!"

"Matsa ka tare mana teburin!" in ji Tela.

Can sai Yaya ya ga bindin wani jirgi ya shige bayan gidajen. Ya danna wuta ba ƙaƙƙautawa. Hayaƙi ya turnuƙe ta gefe, ɓaraguzai suka watsu. Kyaftin ya yi tsalle har hularsa ta rufe masa ido.

"Kun gani? Kun gani? Alamata ta ci! Wa ya ce..."

Daga kujerar ƙarshe wata murya ta ce, "Ni ka harbo, Yaya. Ni ne, ɗan gidanku."

Na ƙarshenmu ke nan bayan Yaya. Shirwa ta zo ta gabansa, ba ta ma wahalar da kanta da zagaye ba, ta tsaya daidai bayan gidajen ta sauke shi. Talabijin ta nuna jirginsa yana wulwulawa ƙasa, sama da ƙasa suna juyawa, gidajen nan kuwa suna tsaye cak a tsakiya, ko gezau.

Da hayaniya ta ɗan lafa, Shirwa ta fito ta ce a nuna mata hoton. Dogo ya buɗe. Ta matsa kusa, ta ƙara masa girma, ta cire tabarau ta goge ta mayar.

"Malam, da hannu ka zana waɗannan?"

Kyaftin ya ɗan miƙe ƙirji. "Ɗaya bayan ɗaya."

"Kai! Amma ka yi aiki." Ta danne dariya da ƙyar. "Gidajen nan ba zane ba ne. Haka manhajar zane take nuna wurin da babu komai, don mai aiki ya san ya goge. In an sa a wasa ba sa fitowa. Gogewa ake yi, ba zanawa ba."

Dogo ya dafe kai. "Ni ma na ɗauka na gaske ne."

Tela ya zauna dirshan a ƙasa yana riƙe ciki. "Wayyo Allah! Kwana da kwanaki bawan Allah yana zana babu komai! Har da zaɓen launi!"

Kowa ya juya yana jiran amsar Kyaftin. Kullum yana da ita, ko da ta fi tambayar karkata. Ya cire hular kwanon ya ajiye a kan benci a hankali, ya ratsa mutane ya nufi rumfarsa.

Dariya ta bi shi har can. Amma da aka ga ya ɗauko igiya ya fara ɗaure fankoki, ya yafito mai baro, sai ta fara raguwa. Yaya ya fito yana sosa ƙeya.

"Haba Kyaftin, wasa ne fa. Bar shi."

"Na ce ku zama shaida."

"Mun janye shaidar," in ji Tela. "Wa zan riƙa tsokana in ka tafi? Dogo? Bango ya fi shi amsawa."

Kyaftin ya ɗora fanka a baro, ya koma ya ɗauko wata.

Ni ina bakin shagonmu, ina kallonsa. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu.

"Ke kuma kin tsaya kamar an dasa ki. Duk karatun nan naki ba inda aka koya miki buɗe baki?"

"Gwaggo, mutane..."

"Mutanen nan sun ga jirgi da shimfiɗar tebur yau. Ba abin da zai ƙara ba su mamaki."

Ban san yadda na tsallaka ba. Na dai tsinci kaina a gaban baron, hannuna a kan igiyar. Kyaftin ya tsaya da fanka a rungume, idonsa a ƙasa.

"Malama, matsa kada ki ɓata kayanki."

"Maganar da ka ce za ka faɗa fa?"

"Ta faɗo tare da jirgin. Cewa na yi in na ci."

"Kai ka ce haka. Ni ban ce wa kowa zan yi shiru ba."

Ya ɗago kai. Na faɗi abin da zan faɗa, amma can ƙasa-ƙasa, ko ni da ƙyar na ji kaina. Mai baro ya karkato kunne. Yaya ya ce, "Me ta ce?"

Daga baya Tela ya ɗaga hannu. "Auta, ɗaga murya! Mu na nan ba mu ji ba!"

Na ja numfashi. Na dubi Kyaftin, gumi na zuba daga cikin rigar fatar nan, fanka a ƙirjinsa. Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba, har matan tagogi suka ji.

"To ku ma ku zama shaida. Na yi alkawari zan aure ka, Kyaftin. In ka sauke kayan nan, a layin nan. In kuma ka tafi wurin batir, to a can."